Uban Yaro Ya Ƙi Magana, Malami Na Jiran Bakina

Daga admin: Wata uwa tamu daga ƙasar Bagudo ta turo wannan, ta ce a sakaya sunanta. Mun saka shi yadda ya zo. A yi sharhi cikin ladabi, babba ce.

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, manyanku da yaranku, ina gaishe ku da ƙoƙari. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku sani roƙon shawara ba halina ba ne, ni ce ake zuwa ɗakina a zauna a ji ta bakina. Matar maƙwabcina ce ke rubuta maganar nan cikin wayarta, ita ke cikin gurup ɗinku, na ce mata ta rubuta yadda ta fito daga bakina, kada ta yi mani kwaskwarima. Ban yi boko ba ko na wuni guda, kuma ban taɓa jin wata mace ta fi ni saboda haka ba. Da sana'ar gumi na tashi ɗiyana, ina turara shinkafa ina kaiwa kasuwar Lolo, na je Makka da guminta, kuma har yau in ana biki a garinmu sai an aiko an ɗauke ni don in ba da tarihin gida, don abin da na ji sau ɗaya ba ya fita kaina. Amma yau magana ta fi ƙarfina.

Maganar jikana ce, Lawali. Shi ne ɗan farin ɗana Garba, kuma tun da anka yaye shi anka kawo mani shi riƙo. Ku na birni wataƙila kun bar wannan, mu nan ba mu bari ba, uba da uwa suna kunyar ɗan fari, ba su faɗin sunanshi, ba su yabonshi, ba su sa baki a al'amarinshi gaban mutane. Wanda anka ba riƙo shi ke da ta cewa. Garba in zai yi maganar Lawali sai dai ya ce yaron Inna, uwar kuma ta ce wancan. To ni ce uwa ni ce uba. Ni ke kiranshi maigida, shi yana ce mani amarya, in na yi tuwo ya ce wannan tuwon saki ne, in ce mashi miji marar cefane ba ya sakin mace. Haka muke. Yanzu yana gab da gama aji uku na ƙaramar sakandare, ya fara gemu ƙwaya-ƙwaya, tsawo kuma ya wuce ƙofar ɗakina.

Yaron nan Allah ya ba shi hannu. Injin ban-ruwa in ya mutu a fadama shi ake nema, ya kwance shi ya baje kan buhu, ya hura nan ya goge can, ya mayar, inji ya tashi. Fitilar sola, rediyo, keken ɗinki, duk yana taɓawa. Makarantarsu akwai wani malami wanda aikinshi ke nan ya duba yara ya ga inda kowa ya dosa, suna ce mashi malamin shawara. Kwanakin baya sai ga shi a ƙofar gidana, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Inna na zo ne kan Lawali. Ya ce yaron ba na zaman aji da alli kaɗai ba ne, akwai makarantar teknikal ta kwana inda ake koyar da inji da wuta, ya samar mashi gurbi, amma tana nesa da mu, sai hutu zai riƙa zuwa. Ya ce ya je wurin uban yaro, uban ya sunkuyar da kai ya ce a zo wurina. Sannan ya gaya mani abin da ban sani ba, wai duk ranar kasuwar Lolo Lawali ba ya zuwa makaranta, kuma in wanga zango ya wuce bai samu inda zai kama ba, shi a ganinshi ya rasa yaron ke nan.

Inda yake zuwa ranar kasuwa kuwa na gano. Kawunshi ne, ƙanen uwarshi, yana da mashina da yara ke hawa suna ƙetara boda ta hanyar daji, su ɗaure jarkokin mai su kai, su ɗauko kaya su dawo. Ni ba zan yi maku wa'azi kan boda ba, mu nan iyaka ta same mu ne a gida, gonar mahaifina ma rabinta can take, kuma 'yan uwana sun cika wancan ɓangaren. Amma ƙetarawar da munka sani da ƙafa ce da jaki da jirgin ruwa. Wannan ta mashin daban take. Yaro ya ɗaura jarkoki har ba ka ganin kanshi, ya yi ta gudu cikin ramuka don kada kwastan su cim mashi. Ɗan maƙwabtanmu bara mashin ya kwanta da shi, mai ya kama wuta, yana nan da rai amma hannun da yake cin abinci da shi ya naɗe. Kawun Lawali yanzu gyaran mashinan yake sa shi, amma ya yi mashi alkawarin nashi na kanshi, wai ranar kasuwa mai zuwa za a kawo.

Na san abin da za ku ce, Inna ai wannan ba abin tambaya ba ne, ki ce ya tafi makaranta. To ku saurara ku ji abin da ya sa bakina ya yi nauyi, don ni malamin makaranta ya taɓa zuwa gidanmu da irin wannan magana, na kuma ga inda ta ƙare.

Ina yarinya lokacin, ban kai ɗaurin ƙirji ba, shekarun da ake ta maganar Turawa za su tafi. Ina da wa, Dikko, shi ne ɗan farin babanmu. Zamanin nan makaranta kamu ce, hakimi ya aiko kowane gari ya ba da yara, mai gari ya bi gida-gida, da haka anka ɗauki Dikko zuwa makarantar garin hakimi. Sai Allah ya sa ya zama mai kai. In ya zo hutu mata su kawo mashi kwalbar magani ya karanta masu, maza su kawo takardar haraji. Babanmu masunci ne kuma manomin shinkafa, mutum mai kunya ƙwarai, uwarshi Bafillata ce, ban taɓa jin ya ce Dikko ba, sai yaron Baffa, don wan babanmu, Baffa Manu, shi ya yanka ragon sunan kuma shi ke da ta cewa a kanshi. Baffa Manu kuwa can ƙetare yake zaune, ƙasar da muke ce ma Dahome a lokacin.

Shekarar da anka ba da mulkin kai Dikko ke gama makarantar. Ina tune, ya zo mana da 'yar tuta da kofi da anka raba masu, ya ba ni tutar na ɗaura a kai ina yawo, tsofaffi na tambayarshi, to yanzu in Bature ya tafi wa za a riƙa kai ma haraji. Can ƙetare ma sun samu nasu mulkin kan, sai ga shi hanyar da muke bi mu je gidan Baffa an fara tsayar da mutum ana tambayarshi shi ɗan ina ne. A wannan lokaci hedimasta ke raba yaran da sunka gama, shi ke duban yaro ya ce wannan malanta, wannan aikin gona, wannan asibiti, wannan soja, abin da ya faɗa kuma shi ke nan. Dikko ya gaya mani shi asibiti yake so, ya zama malamin da ke ba da magani da allura. Babanmu ma haka yake so, na ji shi da kunnena yana ce ma innarmu, muna tsintar shinkafa, wai yaron Baffa in ya zama malamin asibiti nan kusa ai jama'a sun huta. Innarmu ba ta ɗago kai ba, amma na ga tana murmushi.

Rannan da hantsi sai ga hedimasta bisa keke, saurayi ne mai farin wando da agogo, mutumin wani gari. Babanmu na zaune gindin ɗorawa yana ɗinkin taru, Dikko ya tsuguna gefe, ni anka aika in kawo ruwa, na kawo na ƙi tafiya. Bayan gaisuwa hedimasta ya ce, Baba, ƙasa ta dawo hannunmu, ana son yaranmu masu kai su riƙe soja, yaron nan ga tsawo ga lissafi ga gudu, na sa shi cikin waɗanda za su makarantar yaran soja, gaba hafsa zai zama. Ya ce akwai kuma ta asibiti, amma a ganinshi ɓarnar yaro ce. Babanmu bai ɗago ba, ya ce, Malam yaron ba nawa ba ne, na Baffanshi ne. Hedimasta ya ce to ina Baffan, anka ce ya tafi fatauci kudu da busasshen kifi, sai bayan ruwa ya janye. Ya ce mota ba za ta jira ruwa ya janye ba Baba, kai ke nan, mi ka ce? Na dubi Dikko, idonshi na kan bakin babanmu. Babanmu ya ja zare, ya ce, yadda kunka gani. Hedimasta ya ce, ka amince ke nan? Babanmu ya sa haƙori ya yanke zaren, bai ƙara ko kalma ba. Hedimasta ya ce madalla, ya sha ruwana, ya hau kekenshi.

Jama'a, duk ɗan garinmu ya san in uban ɗan fari ya ce yadda kunka gani, ba cewa ya yi na yarda ba, cewa ya yi ni bakina a ɗaure yake, ku je ku nemi mai magana. Har yau ban sani ba, hedimastan nan bai gane ba ne, ko ya gane ya ga hanya ta buɗe. Babanmu dai ya zauna da tarun nan a cinya har la'asar bai ƙara ƙulli ɗaya ba. Ba zai iya bin bayan malami ya ce na fasa ba, a ce wane ya tashi tsaye kan ɗan farinshi, abin faɗi ne har jikoki. Ranar tafiya munka raka Dikko bakin kogi inda zai shiga jirgi ya ƙetare ya sami mota, babanmu ya ɗauki fartanya ya ce shi gona za shi. Da muna dawowa na hango shi tsaye bisa tudu bayan shinkafa, fartanyar na kafaɗa, yana kallon ruwa.

Dikko ya zo gida cikin kaki bayan 'yan shekaru, ya yi kyau, 'yan mata na leƙe ta katanga. Babanmu ya amsa gaisuwarshi kamar ta baƙon kasuwa, sannan ya je ya kama ragon da yake ji da shi ya yanka, ya ce wai ragon ne ya fara rama. Bayan nan ƙasa ta rikice, anka shiga yaƙin nan da kuke ji, Dikko bai sake zuwa ba. Ba gawa, ba labari, ba wanda ya zo ya ce ga inda ya faɗi. Yaƙi ya ƙare, na wasu sunka dawo. Babanmu duk ranar kasuwa sai ya je inda motoci ke tsayawa, ya ce igiya zai saya, ya wuni ya dawo. Da ya rasu mun sami igiyoyi cike da rumbu, ba a taɓa kwance ko ɗaya ba.

Tun ranar da Dikko ya shiga jirgin nan, in anka ji yaran hakimi na tafe neman 'yan makaranta, babanmu sai ya kwashe mu ya ƙetarar da mu gidan Baffa Manu, mu yi zamanmu har ƙura ta lafa. Dalilin rashin bokona ke nan. Nawa ɗiyan na bar su sun yi firamare, wasu har sakandare, amma nan inda nake jin ƙararrawa daga tsakar gida. Ban taɓa ba da ɗa ya kwana wata makaranta a kan maganar malami ba.

Duk wannan na zayyane ma malamin shawara da ya dawo, ban rage mashi komai ba, har na ce mashi ku malamai kuna duban yaro kamar mai duban ɗan maraƙi a kasuwa, ku ce wannan na noma ne wannan na yanka. Bai yi fushi ba, ya ce Allah ya jiƙan Dikko, ya ce Inna ba soja zan kai shi ba, sifana da wayar wuta zai riƙe. Na ce hedimastan can ma hafsa ya ce mana. Ya ce gaskiya ne, shi ba zai iya rantse mani kan abin da ke gaba ba, abin da ya sani shi ne yaran ajinshi da sunka hau mashin ɗin boda ba wanda ya dawo aji. Ya ce kuma shi ba zai ɗauki yaro kan kawaici ba, sai ya ji eh ko a'a daga bakin mai riƙo, in na ce a'a zai ba wani yaro gurbin, zai dawo washegarin kasuwa. Wallahi da ya yi mani irin ta hedimasta da ya fi mani sauƙi, da na sami wanda zan ɗora ma laifi.

Na aika anka kira mani Garba, na rufe ƙofa, na ce yau ba kowa daga ni sai kai, ɗanka ne, buɗe baki ka gaya mani abin da kake so. Ya yi ta wasa da bakin tabarma. Na yi faɗa, na ce kunyar nan ta ci mana mutum ɗaya a gidan nan, ba za ta ci na biyu ba. Ya ce ai ni na koya mashi, wai yana yaro ya taɓa ganin na mari yayarshi don ta kira ɗanta na fari da suna gaban baƙi. Na ce na ji, yau na ɗage maka. Ya ɗago ya dube ni, na ga idonshi ya kawo ruwa, na ce a raina to ga maganar nan tafe, sai ya ce, Inna yadda kinka gani. Na babanmu na san a'a ce ke ciki don na ji shi da kunnena tun kafin ranar. Na Garba ban san mi ke ciki ba, ko so yake yaron ya tafi yana jin nauyin raba ni da shi, ko so yake ya zauna yana jin nauyin malami. Uwar yaron kuma ta aiko ƙawarta ta ce mani ita dai kada wancan ya hau mashin, ko da na ƙanenta ne. Makaranta fa, na ce. Ƙawar ta ce ba a aiko ta da wannan ba.

Kawun ma mun yi da shi, ya zo har gida yana ce mani Hajiya masu takarda na nan birjik suna zaman banza a tasha, wasu ma shi ke ba su aiki, gara yaro ya kama abin yi tun yanzu yana gabana ina ganinshi safe da yamma. Na ce mashi ɗan maƙwabta ma safe da yamma uwarshi ke ganinshi, ita ke ba shi abinci a baki. Ya tashi yana cewa tsufa ya sa ni tsoro. Na ce ni da na ƙetara kogin nan da ciki wata tara cikin jirgi mai yoyo ba ɗan jiya zai koya mani tsoro ba, ya fita mani daga gida. Amma bayan ya fita maganarshi ta zauna mani, don ban iya cewa ƙarya ya yi kan masu takardar ba.

Daga ƙarshe na ce bari in tambayi mai abin. Da yamma yana tsakar gida ya baje wani inji, na ce maigida zo nan. Ya ce amarya in kuɗin cefane ne babu. Na ce ba wasa na kira ka ba, makarantar nan kana so ko ba ka so? Ya ce au, kin gaji da ni ne za ki kai ni inda ba a dawowa sai hutu, ko kin yi sabon saurayi? Na ce Lawali. Ban cika kiran sunanshi ba, sai ya ajiye sifanar. Ya ce, Kaka in na tafi wa zai ɗebo maki ruwa, wa zai ɗora maki tukunyar gumi? Na ce wannan ba amsa ba ce. Ya ce ita ke gare shi. Ya ce mashin dai ko ba komai kullum gida zai kwana. Daga baya matar maƙwabcina, wannan mai rubutun, ta gaya mani ƙanenta ajinsu ɗaya da shi, wai Lawali ya tare malamin shawara yana tambayarshi ko makarantar na da injin tarakta da ake kwancewa, da anka ce akwai har tsalle ya yi, sannan ya tambaya ko suna barin ɗalibi ya je gida in wani nashi ba lafiya.

Kun ji fa. Ashe yaron yana so, ni ce igiyar da ke ƙafarshi. Ni da ban taɓa zama nauyin kowa ba, yau ɗan da na goya ke lissafin wa zai ɗebo mani ruwa. Abin ya yi mani ciwo ƙwarai. Shekaranjiya da safe da ya fita sai na ɗauki bokiti na tafi famfo da kaina, na ce bari ya dawo ya iske randa cike ya san kakarshi ba ta mutu ba. Na cika, na aza, na taho lafiya lau har ƙofar gida, nan ƙafata ta hagu ta ƙi ni, na zube. Maƙwabciyar nan ce ta ɗaga ni ta kai ni ɗaki, ta cika randar, na sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Ƙugu ya kumbura, in zan tashi sai na dafa bango. Da Lawali ya dawo ya ga randa cike ya ce lallai amarya da sauranki, na ce da ka ɗauka mi, ina zaune bisa tabarma ina dariya, zufa na karyo mani. Tun ranar in yana gida ba na tashi, sai in ce azkar nake. Maƙwabciya na ta yi mani magiya mu je asibiti, na ce a bari kasuwa ta wuce, don in anka ɗauke ni a mashin gari duk zai ji.

To ga inda nake, jama'a. Kasuwa ta kusa, ranar za a kawo mashin, washegari malami zai zo. In Lawali ya san halin ƙafar nan, na san shi, ko an ɗaure shi ba zai tafi ba, mashin zai karɓa don ya kwana kusa da ni. In na ci gaba da ɓoyewa na ce ma malami eh, to na tura yaro da ƙarya ke nan, kuma na miƙa shi nesa a kan maganar malami, abin da na rantse ba zan yi ba tun ina yarinya. Ku da kunka yi karatu, makarantun nan na teknikal da gaske yaro na fitowa da abin yi, ko zai dawo ne ya iske mashin ɗin na jiranshi? Masu ilimin addini, in na danne ciwon nan har ya shiga mota, na cuce shi ne ko na taimake shi? Ko in gaya mashi gaskiya, in nuna mashi ƙugun, in ce duk da haka tafi, alhali na san ba zai ji ba? Kada ku ji nauyin furfurata, ku faɗa mani yadda take, za a karanta mani duka. Ku dai yi sauri, don yaron ba wawa ba ne, yau da safe ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe yana kallona, ya ce, amarya wanga azkar naki ba ya ƙarewa ne?